Ruwan da Inna Ta Ƙi Sha a Jirgi

A zamanin mahaifina, wanda ya yi niyyar Makka daga ƙauyenmu sai ya bar wasiyya kafin ya tashi. Ya bi gida-gida ya nemi gafara, a yafe masa ya yafe, domin ba a sa ran dawowarsa da wuri, wani ma ba a sa ran ta sam. Abin da ake ji masa tsoro shi ne rana da ƙishirwa. Akan cika masa salka, tsofaffi su yi ta ja masa kunne kada ya kuskura ya yi tafiya da tsakar rana. Ni ban riski tafiyar ƙafa ba, amma na riski ta babbar mota, don fataucin fata da riɗi ya kai ni Agadas da Injamaina, daga baya har cikin Sudan. Na san zafin bayan mota a kan kaya, ƙarfe yana ƙona tafin hannu. Sai dai wancan zafin yana da mafita. In ya yi yawa sai a bubbuga wa direba, ya tsaya, a sauka a shige ƙarƙashin motar a kwanta har rana ta karya.

Yanzu mutum yakan karya kumallo a gidansa a ƙasar Ɗambatta, ya kwana a Jidda. Ba mai maganar rana kuma. Abin da mutanenmu suke tsoro a tafiya sanyi ne. Duk wadda ta je ta dawo da mura, in mata suka cika ɗakinta don yi mata barka, labarin da za ta fara ba su shi ne jirgi firji ne, ƙafa har ƙandarewa take yi. Ba ƙarya suke yi ba. Abin da ba wanda ya gaya musu shi ne sanyin nan wata na'ura ce take hura shi, kuma in ta tsaya, abin da ya rage tukunyar ƙarfe ce a rufe, an ajiye ta a rana, da mutane a ciki.

Surukata, mahaifiyar matata, Inna nake ce mata. 'Yar siririya ce, jinin Fulani, mijinta ya daɗe da rasuwa. Har ta tsufa ba ta bar sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ba, kuma ko da bazara za ka same ta gaban wuta tana suya, ba ta ko fifita. Matata 'yar farinta ce, saboda haka ba ta taɓa kama sunanta ba, sai dai ta ce “waccan” ko “uwar yara”. Ni kuwa mijin 'yar fari, kunyata ta ninka. Tun da na auri 'yarta ban taɓa ganin ta kai loma baki ba, ko kurɓar ruwa. In na je gaisuwa nakan durƙusa a bakin ƙofa, ita tana bayan asabari, mu gaisa ba wanda ya ga idon wani. Na zauna da mutane iri-iri. A Masar na ga mutum yana cin abinci a faranti ɗaya da uwar matarsa, suna musu a kan gishiri. A wajen Buzaye kuma na ga namiji ya ja rawaninsa har ƙarƙashin ido don kawai surukinsa ya gilma. Mu muna kusa da Buzaye, Inna kuwa ko a cikinmu ta yi fice.

Jikokinta ne suka haɗu suka biya mata Umra. Sai maganar muharrami ta taso. Ɗanta namiji tilo yana kwance da ciwon ƙafa, matata kuma tana fama da 'yarmu da ta zo wankan jego. Aka duba aka ga ni ne na san hanya, ina jin Larabci, kuma shari'a ta yarda da ni. Da aka gaya wa Inna, sai ta aiko ta bakin matata: “A ce wa Alhaji Allah ya yi masa albarka, amma da an bar shi da hidimominsa.” Ba ƙi ta yi ba. Tunanin zama kusa da ni yini guda ne ya dame ta.

Ana gobe tafiya mata suka cika gidanta. Ni ina zaure da maza, ban san me ake ƙullawa a ciki ba, sai daga baya na ji. Wata maƙwabciyarta da ta je bara ce ta kama ragamar shawara. Ta ba ta labarin sanyi, har aka aika kasuwa aka sayo mata rigunan sanyi na gwanjo da safa mai kauri. Sannan ta ba ta labarin bayin jirgi: wai ɗan akurki ne, ba buta, ba wurin tsugunno, kuma in ka taɓa wani abu sai ya yi ƙara kamar zai zuƙe mutum. Ta ce ita dabarar da ta yi, ta daina shan ruwa tun la'asar ɗin jajibirin tafiya, har ta sauka ba ta nemi bayi ba, alwalarta ma ba ta karye ba. Inna ta ji ta riƙe.

Da sassafe muka shiga ƙaramar motar haya zuwa Kano, ita a baya cikin mata, ni a gaba. Bazara ce ta sosai, gonaki duk an share an tara taki ana jiran ruwa, itatuwan gawo ne kaɗai da sauran ganye. A filin jirgi, zauren jira yana da na'urar sanyi mai ƙarfi, har ni sai da na ji ta a gwiwa. Inna ta bi wasu mata zuwa wajen alwala. Da ta dawo na ga kamar ta ƙara kauri a ƙarƙashin hijabinta, amma suruki ba ya ƙare wa surukarsa kallo. Na kau da kai.

Rana ta take sosai lokacin da aka kira mu. Jirgin wani kamfanin haya ne, ma'aikatansa baƙi, ba mai jin Hausa a cikinsu. Fasinjoji kuwa yawanci mutanen karkara ne irin namu, tsofaffi da mata da 'yan goyo. Ina sa ƙafa a ciki na ji iskar ba ta yi mini ba. Ɗumi ne mai warin roba, irin na motar da ta yini a rufe. Na hau jirage da dama, na san ko a ƙasa akwai wani ɗan gurnani da ake ji daga wajen wutsiya, shi ne ƙaramin injin da yake ba da sanyi kafin a tayar da manyan. Ranar ban ji shi ba. Na miƙa hannu na murɗa 'yar ƙofar iskar da ke saman kujerata, ba abin da ya fito. Na tambayi wata ma'aikaciya da Larabci, ta yi murmushi ta ce da zarar an tashi komai zai yi sanyi.

Kujerunmu uku ne a jere. Inna ta shige can jikin taga ta juya fuskarta ga bango. Kujerar tsakiya tawa ce a takarda, amma na roƙi wata mata da ke kujerar bakin hanyar wucewa muka yi musanya, don a samu mace tsakanina da Inna. Wata Hajiya ce 'yar kasuwa, kakkaura, mai baki, ta saba zirga-zirgar Jidda. Ta dube ni ta dubi tsohuwar, nan take ta gane.

“Suruka ce ke nan,” in ji ta. “To Alhaji, yau ni ce asabarin.”

Aka rufe ƙofa. Jirgin ya ɗan ja baya, ya gangara kaɗan, ya tsaya cak a tsakiyar kwalta, nesa da gini. Can sai murya ta fito ta lasifika, da Larabci sannan da Turanci, wai akwai 'yar matsala da ake dubawa, kowa ya zauna a kujerarsa da ɗamararsa a ɗaure. Na fassara wa na kusa da ni, su kuma suka miƙa baya.

Da farko abin raha ne. Wani dillalin shanu daga wajen Bagwai, ƙato, yana kujerar bayana, ya taɓa kafaɗata.

“Alhaji, tun da kana jin yarensu, tambaye su mana, dambu za su yi da mu ko alala?”

Hajiya ba ta ko waiwaya ba ta ce, “In dambu ne, kai kaɗai ka ishi unguwa.”

“Ke kuma a samu mai, Hajiya.”

Aka yi dariya. Mutane suka zaro kwalayen da ke aljihun kujera, waɗanda aka zana yadda ake sa rigar ruwa a jikinsu, suka mai da su mafici. Na dubi nawa. An zana teku, an zana wuta, an zana hayaƙi, ba inda aka zana abin da muke ciki.

Sannu a hankali rahar ta mutu. Maza suka cire huluna, masu babbar riga suka tuɓe suka ɗora a cinya. Jarirai suka fara kuka, irin kukan da ba ya tsayawa ko an ba su nono. Gumi yana bin bayana har ya jiƙa kujera. Iskar da kake shaƙa ita ce wadda maƙwabcinka ya fitar. Rana kuwa ta ɓangaren Inna take, bangon jirgin da ta jingina da shi yana ɗaukar zafi. Hajiya ta miƙa hannu ta sauke murfin tagar.

Ba tare da na juya ba na ce, “Hajiya, a tambayi Inna ko lafiya.”

“Inna, wai Alhaji yana tambaya ko lafiya.”

Muryar ta fito ƙasa-ƙasa daga cikin hijabi. “A ce masa lafiya lau. Alhamdu lillahi.”

Tsakanina da ita bai fi kamu huɗu ba.

Da kukan yara ya yi yawa, ma'aikatan suka fara zagayawa da ruwa a 'yan ƙananan kofuna. Hannaye suka yi ta miƙewa ta ko'ina. Na karɓi biyu da ƙyar, na miƙa wa Hajiya ɗaya don Inna. Na ji tana lallashi.

“Karɓi mana, Inna.”

“Na ƙoshi.”

“Ana ƙoshi da ruwa a wannan wutar? Ni da na sha gora guda a ƙasa ma maƙogwarona ya bushe. Kurɓi ko kaɗan.”

“Ki sha, 'yar nan. Allah ya yi miki albarka.”

Na san dalili, ko kuma na ɗauka na sani. Na kwance ɗamarata na tashi, da niyyar in je can baya in tsaya har ta sha. Ban yi taku uku ba wani ma'aikaci ya tare ni, ya ce in koma in zauna, jirgi yana iya motsawa kowane lokaci. Na ce masa tsohuwar da nake tare da ita ba za ta sha ruwa ina wurin ba. Ya dube ni kamar na yi masa yaren aljanu. Na sake faɗa da Turanci ko zai fi shiga, ya ce doka ce. Na dawo na zauna, na juya wa kujerunmu baya iyakar yadda zan iya, na kifa hulata a fuska.

“Inna, ga shi ya rufe ido, wallahi ko hancinsa ba ya gani, balle ke. Sha.”

Hajiya ta sake gwadawa.

“Ko bayi kike tsoro? Ni zan raka ki. Ina da 'yar butata a jaka.”

Na ji Inna ta yi wata magana da ban kama ba. Sai Hajiya ta yi salati da ƙarfi.

“Alhaji! Tsohuwar nan tun jiya da la'asar rabonta da ruwa!”

Na cire hular. Hajiya ta kama hannun Inna don ta danƙa mata kofin, sai na ga ta tsaya, tana shafa wuyan hannun. Ta ɗaga bakin hijabin kaɗan. Ulu ne, mai kauri, ruwan toka, wani kuma ja yana leƙowa daga ƙarƙashinsa.

“Inna lillahi. Wa ya yi miki wannan? Rigar sanyi har biyu? Har da safa! Tuɓe, Inna, tuɓe yanzu.”

Inna ta fizge hannunta da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta ƙanƙame hijabin a ƙirji.

“Ba a gaban mutane ba.”

Jirgin cike yake da mutane, amma mu uku mun san mutum ɗaya take nufi. Na ce, ina kallon bayan kujerar gabana, “Inna, don Allah don Annabi. Ni ɗanki ne. Lalura ce.” Wannan ita ce magana mafi tsawo da na taɓa yi mata kai tsaye. Hajiya ta yi ta yi mata fifita da kwali, tana mita, tana tsine wa duk wadda ta ba Inna wannan shawara.

Ban san iya lokacin da muka ɗauka a haka ba. Na san dai an sake magana ta lasifika, maganar ɗazu ce aka maimaita, ban ma fassara ba. Can gaba wani tsoho ya yi amai. Wata mai goyo ta miƙe tsaye tana jijjiga ɗanta tana kiran sunan Allah, aka ce ta zauna ta ƙi. Dillalin shanu ya daina magana gaba ɗaya, numfashinsa kawai nake ji a ƙeyata.

Sai Inna ta yi magana da wata murya sabuwa, sama-sama, kamar tana tsakar gidanta. Ta ce a sauke kaskon nan, gyaɗar za ta ƙone. Sannan ta kira sunan matata. Sunanta na yanka, ƙarara, har sau biyu.

Hajiya ba ta san me ta ji ba, ta ce, “Wa take kira?” Ni na sani. Matar da ta yi shekaru sama da hamsin ba ta bari sunan nan ya fita daga bakinta ba, in ya fita, to ba ita ke riƙe da bakin ba.

Na juya na dube ta sosai, karo na farko a rayuwata. Fuskarta a bushe take ƙamas. Kowa a jirgin nan yana tsiyayar gumi, ita ko ɗigo babu. Leɓunanta sun tsage, idanunta a buɗe amma ba sa kallon komai. Na taɓa ganin irin wannan fuskar a hanyar Agadas, a kan wani ɗan kamasho da gumi ya ɗauke masa da rana tsaka, ya fara kiran awakinsa. Larabawa suna ce wa abin bugun rana, Faransawa su ce bugun zafi. Mu ba mu sa masa suna ba, sai dai a ce wane ya faɗi. Wancan mutumin a gefen hanya muka binne shi.

Na tashi. Ma'aikacin ɗazu ya taho yana ɗaga hannu, na ture hannun na wuce gaba wajen shugabarsu, wata mace mai ɗan shekaru da ke tsaye kusa da ƙofar matuƙa, ita ma rigarta ta jiƙe. Na ce mata da Larabci akwai tsohuwa da gumi ya ɗauke wa, hankalinta ya gushe, in ba a buɗe ƙofa ba za a sauke gawa. Ta fara ce mini in yi haƙuri, saura kaɗan. Na ce ta zo ta taɓa ta da hannunta, in ta ga saura kaɗan ne, zan zauna. Ta biyo ni.

Tashina ya tayar da mutane. Kafin mu iso, hanyar tsakiya ta cika, kowa yana magana, ba mai jin wani. Wani mutum ya kutsa wajen ƙofar gaggawa da ke kan fiffike, ya kama hannunta yana cewa shi zai buɗe, ba zai mutu a gwangwani ba. Na san in ya buɗe, mutanen nan za su tunkuɗa juna ta wannan 'yar kafa, tsofaffi su faɗo daga tsayin soro a kan kwalta mai zafi. Na yi wa dillalin shanu tsawa na ce ya riƙe shi. Ya tashi ya rungume mutumin ta baya kamar zai kayar da bijimi, yana ce masa, “Haba ɗan'uwa, haba, a hankali, da yara a nan.”

Shugabar ta sa bayan hannunta a goshin Inna. Nan take ta janye hannun. Ta ɗaga wayar da ke jikin bango ta yi magana da matuƙi da sauri, ta juyo ta ce a fito da ita, a kai ta gaba inda ake haɗa abinci, a kwantar da ita a ƙasa.

Fito da ita shi ne aikin. Tana can ƙuryar taga, jikinta ya saki, wurin kuma matsattse. Hajiya ta gwada, ta kasa ɗaga ta daga zaune. Ta fito ta tsaya a hanya tana haki, ta dube ni.

“Alhaji, ba lokacin kunya ba ne. Ɗauke ta.”

Na shiga na sa hannu ɗaya a bayanta, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinta. Ba ta kai nauyin damin gero ba. Zafin jikinta kuwa ya ratso ulu da hijabi har ya iske hannuna, kamar na ɗauki dutsen murhu. Mutane suka matse jikin kujeru suka ba ni hanya. Ina tafe kanta yana bugun ƙirjina, tana ta maganar gyaɗa.

Na kwantar da ita. Hajiya ta juya ta fuskanci jirgin ta ɗaga murya: “Mata! Ku taso da mayafanku! Maza kowa ya sunkuyar da kai, wanda ya ɗago Allah ya isa!” Mata suka taso, waɗanda ba su san Inna ba, ba su san garinsu ba, suka jeru suka ɗaga mayafai da zannuwa suka yi mata katanga. Na yunƙura zan fita, shugabar ta ce a'a, in tsaya, ba mai fassara mata sai ni, kuma tana son a riƙe kan a karkace kada ta shaƙe. Na durƙusa na riƙe kan Inna da hannu biyu, na manna fuskata ga wata ƙofar ƙarfe, na rufe ido. Ina jin Hajiya tana fama da rigunan, ta kasa cire su ta kai, ta ce a ba ta almakashi. Na fassara. Na ji ƙarar yankan ulu.

Ƙanƙarar da ta rage musu 'yar kaɗan ce, rabi ta narke. Shugabar tana faɗa ina mayarwa da Hausa: a wuya, a hammata, a matsematsi, a jiƙa tsumma a shafe jiki, a yi fifita da ƙarfi. Wata daga cikin matan ta kawo kofi za ta ɗura mata a baki, shugabar ta buge hannun, ta ce wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa. Na fassara wannan ma. Ruwan sanyi yana gangarowa ta tsakanin yatsuna. Inna ta daina maganar gyaɗa. Ta daina kowace magana. Na matsa babban yatsana a gefen wuyanta, ina jin jijiyar tana bugawa da sauri, siririya kamar zare.

Jirgin ya motsa. Wasu suka yi kabbara, sun ɗauka tashi za a yi. Komawa muke yi wajen gini. Ya tsaya, aka ce ana jiran a kawo matakala. Wannan jiran ya fi duk na baya tsawo a wurina. Ƙofa tana nan kusa da kafaɗata, ina jin muryoyin mutane a waje, ba dama a buɗe sai an jingina matakalar. Hajiya tana fifita da hannu biyu tana cewa, “Inna, kar ki yi mana haka. Inna, ki ji tsoron Allah, ba a nan ba.” Ni ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Da aka buɗe ƙofar, iskar Kano ta tsakar rana cikin bazara ta shigo, wadda a kullum muke gudu, na ji ta a fuskata kamar an buɗe randa. Mata suka lulluɓe Inna da zane mai shara-shara, ma'aikatan lafiya suka hau suka ɗauke ta. Na bi su ba hula, takalmi ƙafa ɗaya. Ban ƙara ganin Hajiya ba, ban kuma san sunanta ba. Daga baya na ji an sauke kowa, kuma ba Inna kaɗai aka kai asibiti ba.

An yi mata ƙarin ruwa leda bayan leda. Matata ta iso da yamma, ta bar mai jego a hannun maƙwabta. Ni ina waje a kan benci. Sai washegari da hantsi Inna ta farfaɗo sosai ta gane mutane. Likita ya kira ni gefe ya ce ta tsira, amma ƙodarta ta taɓu, zuciyar ma ta wahala, kuma jikin da ya sha irin wannan ba ya komawa yadda yake.

Na sha tuna wata rana a wata ƙasa da aka tsare mu a zauren jira, aka ce ba za a shigar da mu ba sai cikin jirgi ya huce. Har da ni a masu mita ranar. Yanzu in na hau jirgi na ji ɗumi, ba na jiran a rufe ƙofa, a nan nake fara magana, kuma nakan dubi tsofaffin da ke kusa da ni in ga me suka sa.

Matata ta gaya mini tambayar farko da Inna ta yi da ta dawo hayyacinta. Ba ta tambayi inda take ba, ba ta tambayi Umra ba. Cewa ta yi, “Wa ya ɗauke ni?” Matata ta yi ta kewaye-kewaye, ta ce mata ne suka rufe ta, ba wanda ya ga komai. Inna ta ce ba abin da ta tambaya ke nan ba. Da aka gaya mata, sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ga bango.

Tana nan da ranta har yau, a ɗakinta. Duk wanda ya je gaishe ta sai ta sa mini albarka a gabansa, ta ce Alhaji ya yi mata abin da ɗa yake yi. Amma in ta ji sallamata a zaure, sai ta aiko a ce tana barci, matata ce take kai gaisuwata ta kawo amsa. Ba ta ƙara zama gaban wuta ba, ba ta iya tsayawa a rana, an raba kaskonta da turminta ga jikoki. Likita ya hana ta hawa jirgi har abada. Inna ba za ta je Makka ba.